Cutar da take jira shekara 15: jawabi kan sankarar bakin mahaifa a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tun kafin in shiga magana ina neman afuwar manya, don zan ambaci jini, zan ambaci mahaifa, zan ambaci shimfiɗar aure. Na san ba irin zancen da ɗiya take yi gaban iyayenta ba ne. To amma cutar da ta tara mu nan cikin wannan kunyar take ɓuya, ba yadda za a fito da ita sai an kira ta da sunanta.

Sunanta sankarar bakin mahaifa. Wasu su ce kansa, wasu su ce daji. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce mata HPV, kuma wajen saduwa ake ɗaukarta. Ku riƙe wannan tun yanzu: kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, sai ya haɗu da ƙwayar nan a rayuwarsa. Mafi yawanci jiki na kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu, mutum bai ma sani ba. Ga wasu mata kuwa sai ta zauna, ta riƙa canza fatar bakin mahaifa a hankali, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba alamar komai. Irin ƙwayar suna da yawa, amma biyu daga ciki, lamba 16 da lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Daga shigar ƙwayar zuwa zamanta sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. In mace na ɗauke da ƙwayar sida kuma jikinta ya yi rauni, abin kan yi sauri, shekara 5 zuwa 10.

Shekara 15, jama'a. Sanƙarau ba ya ba mu kwana uku. Kwalara ba ta ba mu wuni ɗaya. Wannan kuwa tana zaune tana jira, ɗiyar da aka haifa ranar da uwar ta kamu sai ta gama kwaleji kafin ciwon ya nuna kansa. Duk tsawon wannan lokaci ana iya ganin ta, ana iya kashe ta cikin minti kaɗan. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 suka kamu, wajen 350,000 suka rasu, kuma kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu 'yan ƙasashe ne irin namu masu ƙaramin ƙarfi. Ƙwayar ɗaya ce a Faransa da Gangara. Abin da ya bambanta shi ne can akwai wanda ya duba cikin shekarun nan 15.

Mu kuma a jahar Maradi muna da dalilin da ya sa ya kamata mu fi kowa damuwa. Binciken ƙasa na lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 89 cikin 100 na matan jaharmu an yi musu aure kafin shekara 18, kuma mace a Maradi kan haifi sama da ɗiya 8. Aure da wuri da yawan haihuwa duk suna cikin abubuwan da likitoci suka ce suna ƙara haɗarin. Ba muhawarar auren wuri na zo yi ba yau, wannan wani zama ne. Lissafi kawai nake so mu yi. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da shekara 15, in ta haɗu da ƙwayar a shekarunta na farko, tana da 30 ko 35 ciwon zai iya bayyana. Wace ce mace mai shekara 35 a Cadawa ko Gidan Sori? Ita ce ke riƙe da gida in maigida ya tafi biɗa, ita ce mai gamana, ita ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga ɗiya shida ko bakwai, na goye na baya. Irin waɗannan matan cutar ke ɗauka.

Yanzu bari mu bi hanyar da mace ke bi in abin ya fara. Alamar farko sau da yawa jini ne: bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila, ko bayan ta daina haila da shekaru. Ko kuwa wani ruwa mai wari da ba ya tsayawa. Wa take fara gaya wa? Miji dai kusan shi ne na ƙarshe. Ta gaya wa ƙawarta, ƙawa ta ce sanyi ne, a nemo maganin sanyi. A sha na mai talla a kasuwa, a sha saiwa, a yi tsuguno, a yi hayaƙi. Wata shida sun wuce. Wani lokaci da na zauna da mata a wani ƙauye wajen Gangara, na tambaye su, in tsohuwar da ta daina haila ta ga jini, mene ne? Wata dattijiya ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, ai ƙuruciya ce ta dawo." Duk aka yi dariya. Iyayena, ƙuruciya ba ta dawowa ta nan. Jinin da ya zo bayan an daina haila na likita ne, a makon nan, ba bayan kaka ba.

Akwai kuma wani wanda ke jin labarin da wuri, kuma ba mu cika tuna shi ba: malam. Mace mai tsoron Allah in jini ya ƙi tsayawa, damuwarta ta farko salla ce da azumi. Sai ta aika ta tambaya, ko ta tambayi malamar islamiyya, ko ta buga waya gidan rediyo cikin shirin fatawa. A gaya mata jinin istihada ne, ta yi tsarki, ta yi alwala, ta yi sallarta. Amsar daidai ce a fiƙihu. Roƙona ga malamanmu shi ne su ƙara jimla ɗaya tak a kai: "kuma ki je likita a duba ki." Ai malamai ma jinin ciwo suke ce masa da Hausa. To ciwo ai magani ake nema masa. Wallahi da duk limamin Juma'a daga Tsibiri zuwa Gazawa zai ƙara wannan jimla, da ya yi aikin da fosta dubu ba za su yi ba.

In ta kai likita a makare, sai a tura ta asibitin gunduma, daga nan Maradi, daga nan Yamai. Na'urar gashin sankara da ƙasarmu ta samu tana Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa a Yamai, kuma sai a 2021 aka buɗe wannan sashe, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai dai waje, ga mai hali. Daga Maradi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne. Tun 2007 akwai dokar da ta ce maganin kansar mata kyauta ne a Nijar, kuma doka ce mai kyau, ya kamata kowa ya san da ita ya riƙa tuna wa hukuma. Amma dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta ba ki masauki na makonni a garin da ba ki san kowa ba, ba ta tsare miki ɗiya a gida. Kuma duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin kula da CSI ya san yadda kuɗin maganin kyauta ke daɗewa kafin gwamnati ta mayar. Shi ya sa iyalai da yawa in an ce Yamai sai su ce a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a.

Ni shi ya sa ba Yamai nake kallo ba. CSI na kusa da gida nake kallo, don abin da ake buƙata a farkon lamari ba shi da tsada. Akwai awon da ake yi da ruwan binegar, irin mai tsami da muka sani, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5. Sajfam ta shafa a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne, akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir da ake ɗorawa a wurin, zafinta ya kashe shi cikin ƙasa da minti ɗaya, ba fiɗa, ba kwanciya asibiti, mace ta koma gida ranar. A birnin Mumbai na Indiya an gwada wannan awo a unguwannin talakawa kan mata wajen 150,000, kuma masu yin awon ba likitoci ba ne, mata ne da suka yi karatu matsakaici aka horar da su. Da aka fitar da sakamako a 2013, mutuwa daga wannan sankara ta ragu da kashi 31 cikin 100. Yanzu ma akwai wanda ya fi shi, awon ƙwayar HPV kanta, wanda mace za ta iya ɗaukar samfurin da hannunta a bayan ɗaki ta miƙa wa ma'aikaciya. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi ga matar da ke cewa ita ba mai buɗe ta in ba haihuwa ba. OMS ta ce a fara awo daga shekara 30, mai ɗauke da sida kuma daga 25.

To in abin mai sauƙi ne haka, me ke hana mata zuwa? A nan nake so in kai ku nesa kaɗan. A Amurka, ƙasar da asibitoci suka yi yawa, matan da asalinsu daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka ne sun daɗe suna kamuwa da wannan sankara fiye da fararen fata. Asibiti na nan, amma ga harshe, ga rashin takardu, ga kuɗi, ga kunya, ga miji da ba ya son a duba matarsa. Kun ji kamar a gida ko? Abin da ya yi aiki can shi ne wasu mata 'yan unguwa da suke kira promotoras. Ba likitoci ba ne, maƙwabta ne, masu jin harshe, ana yarda da su. Aka horar da su, aka ba su littafin hotuna da ɗan fim, cikin wani shiri mai suna AMIGAS, wato ƙawaye. Suna shiga gida-gida, su zauna, su yi bayani, su taimaka wa mace ta sa rana. Da aka gwada shi kan mata sama da 600 a El Paso da Houston da kwarin Yakima, kusan rabin waɗanda ƙawayen suka ziyarta sun je awo cikin wata shida, alhali cikin waɗanda ba a ziyarta ba kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka je.

Da na karanta wannan sai na ce, ai mu muka riga su. A nan jahar Maradi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata 25 ko 30, kowane mako suna zama, ga akwati mai kwaɗo, ga shugaba, ga ma'aji, ga tara ga wadda ta makara. Babu wani taro a ƙauyukanmu da ke zama a kan lokaci kamar wannan, har da na jam'iyya lokacin da ake siyasa. Kuma shekarun matan da ke ciki su ne daidai shekarun awo. Muna da rele da ke bi gida-gida don tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Muna da ungozomomi da kowace mace ta yarda su gan ta. Abin da Amurkawa suka kashe kuɗi suka gina, mu yana nan zaune ƙarƙashin bedi kowace Alhamis, ba a dai ɗora masa wannan aikin ba.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma na yi lissafinsa. In ƙungiya mai mata 30 ta ƙara dala biyar-biyar a zubin mako, a shekara ta tara jika 39. A ware shi daban, a ce na awo ne. Da shi za a biya kabu-kabu ko amalanke mata su tafi CSI rukuni-rukuni, biyar ko shida tare, don wadda ke jin kunyar zuwa ita kaɗai ba ta jin kunyar zuwa cikin ƙawaye, kuma ba mai nuna ta a ce me ya kai ta. Wadda aka ga farin tabo aka tura ta gaba, akwatin ya rama mata kuɗin mota, wata cikin ƙungiya ta raka ta. Wannan rakiyar ku riƙe ta da kyau. Inda ake asarar mata da yawa shi ne tsakanin "an ga wani abu" da "an yi magani". A gaya wa mace ta dawo mako mai zuwa, sai damina ta faɗi, sai shuka, sai noma, sai haihuwa, shi ke nan ba a ƙara ganin ta ba. Awon da ba magani a bayansa tsoro kawai ya saye mata.

Yanzu gare ku, 'yan uwana maza, tunda na ga kun fi yawa a bayan can. Namiji na ɗaukar ƙwayar nan ba tare da wata alama ba, ya kai wa matarsa, in mata biyu ko uku ne ya kai musu duka. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Bazawarar da ta sake aure, da wanda ya auri bazawara, da wanda ya rabu da mata ya auri budurwa, duk halal ne, kuma duk hanya ce. Don haka dan Allah, in za ku yi rubutu a Facebook ko ku tura murya a WhatsApp, kada wanda ya ce cutar 'yan iska ce ko sakamakon zina. Ranar da wannan suna ya manne mata, ba macen aure da za ta ƙara taka ƙofar ɗakin awo, kuma wadda aka gano tana da ita sakinta za a yi. Na fi tsoron wannan fiye da rashin kayan aiki. Makarantar mazaje da aka fara a jahar Damagaram ta nuna in maza suka zauna suka fahimci abu, awon ciki da haihuwa a likita na ƙaruwa. Kai da ke zaune fada kana jiran shayi na uku, kana da uwa, kana da yaya, kana da matar wa. Ba sai ka yi mata bayanin mahaifa ba. Ka ce, "Inna, an ce akwai awon da mata ke yi, ga kuɗin mota, Iya Hajiya ma za ta je." Ya isa.

Sai maganar allura. Rigakafin HPV ya fito tun 2006, ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kafin su haɗu da ƙwayar, kuma tun 2022 OMS ta ce allura ɗaya na iya wadatarwa. Ruwanda ta fara a 2011 ta kai sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan matanta. Burkina Faso ta sa shi cikin rigakafin yau da kullum a 2022, Najeriya a Oktoban 2023 da niyyar kai wa 'yan mata miliyan 7.7, Mali a 2024. Mu ma Nijar muna cikin ƙasashe takwas na farko da Gavi ta zaɓa a 2013 don gwajin shirin. Na san abin da za a ce a ƙauye, don an riga an fara faɗa: me ya sa mata kaɗai, me ya sa ƙanana, ba hana haihuwa ba ne? Kada mu raina masu wannan tambaya. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba, kuma jita-jitar allurar shan inna ta 2003 ta tsallako iyaka har nan. Amsa za mu ba su. Ana yi wa ƙanana ne don rigakafi ba ya korar ƙwayar da ta riga ta shiga. Ana fara da mata ne don su ke mutuwa, kuma ƙasashe masu hali irin su Ostareliya da Ingila har maza suke yi wa. 'Yan matan da aka yi wa a 2007 da 2011 yau iyaye ne masu goyo. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta, in ta kai ga sai an cire.

Wani abu kuma da nake so masu tsara kamfen su ji. Ruwanda ta yi nasara ne ta hanyar makarantu, don kusan duk 'yan matanta na aji. A Sae Sabuwa ko Cadakori, 'yar shekara 12 da yawa ba ta lakwal. Tana talla, tana makarantar allo, tana rijiya, wata an riga an sa mata rana. Kuma ita ce za ta riga kowa aure, wato ita ta fi buƙata. Kamfen ɗin da ya tsaya a farfajiyar lakwal ya bar ta. Wa ya san sunayen waɗannan 'yan mata gida-gida? Uwayensu, da ke cikin asusun nan da na ambata, da mai gari, da malamin allo.

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a auna kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka gano magani. Mu ƙungiyoyin farar hula haƙƙinmu ne mu tambayi inda aka kwana, gunduma-gunduma. Ina roƙon mu fita daga nan da tawaga uku, ɗaya Agye, ɗaya Gazawa, ɗaya Gidan Rumji, duk kan kwalta ɗaya suke, ba wanda zai ce hanya ta hana shi. Kowace tawaga ta nemi ganin babban likitan gunduma da ladabi, da takarda a rubuce, ta tambaya: waɗanne CSI ne ke da sajfam da aka horar kan awon, wace rana ake yi, ina ne mafi kusa da ake ƙona tabon, kuma mace nawa aka auna bara? Abin da aka samo mu wallafa shi a shafinmu, mu kai gidajen rediyon karkara a karanta da Hausa da Fulatanci, mu kai wa shugabannin Mata Masu Dubara a hannu. Inda aka ce babu, mu rubuta babu, mu koma bayan wata uku mu sake tambaya.

Takardar sa suna tana wajen ƙofa. Muna son aƙalla mace biyu cikin kowace tawaga, da mutum ɗaya da iyayensa ke zaune a gundumar, don shi zai san gidan da za a fara sallama. Ma'aikatan lafiya da ke nan sun yarda su tsaya bayan an tashi, duk wadda ke da tambayar da ba ta son yi cikin mutane ta same su a ɗakin gefe.